Feshin da Na Yi wa Lemun Tsami

Ni magini ne, shekara arba'in ina ɗora bulo. Ban taɓa ɗaukar hoton komai ba sai bana, da 'yata Auta ta damƙa mini wayarta ta ce in ɗauko malam-buɗe-littafi.

Uwarta ce ta nema. Sati biyar ke nan tana kwance a asibiti, a bene na uku, tagar ɗakin tana kallon bango. Likita ya ja ni gefe ya ce saura kwanaki. Ita kuwa ba ta tambayi kowa ba sai bishiyar lemun tsamin da ta shuka a tsakar gida. Duk shekara in zafi ya tsananta takan ajiye kaskon ruwa a gindinta, ta zauna tana kallon kurciyoyi suna sha, da wasu manyan malam-buɗe-littafi baƙaƙe masu ɗigon rawaya. Ta tambaye ni ko suna zuwa. Na ce suna nan, sun ma fi na bara. Ta ce to a kawo mata ta gani.

Ƙarya na yi. Satin da aka kwantar da ita na ga tsutsotsi suna cin ganyen. Na sayo maganin ƙwari na feshe bishiyar tas, wai don ta dawo ta tarar da ita lafiya. Sai daga baya mai walda, maƙwabcinmu, ya gaya mini tsutsotsin nan su ne suke yin fuka-fuki su zama malam-buɗe-littafi.

Kwana uku na yi a tsakar gida, daga hantsi zuwa la'asar. Siminti na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Wayar takan yi zafi ta mutu, in kai ta inuwa in jira. Na cika kasko, na jiƙa ƙasa. Kurciyoyi sun zo na ɗauke su, rabin hoton babban yatsana ne. Mai walda ya leƙo ta katanga ya ce ashe tsoho ya samu aikin gadin lemo, a ina ake cike takardar. Na ce ya koma kan ƙarfensa.

Rana ta uku malam-buɗe-littafi guda ɗaya ya shigo. Ya zaga bishiyar sau biyu, bai sauka ba. Kafin in gano inda ake dannawa ya haure katanga. Na bi shi har titi, ba hula, ina ɗaga waya, masu mota suna zagina. Abin da na samu farar sama ce da igiyar lantarki.

Surukina ya ce abu mai sauƙi ne, irin hoton nan ya cika waya, bari ya ciro ɗaya a nuna mata. Na ce matar da ta san kowane reshe da ƙayarsa? Bulon farko in ya karkace, ba a gyara shi da na biyu.

Da yamma na je wurinta. Na tsaya a ƙafar gado, ban zauna ba.

"Babu su," na ce. "Feshi na yi."

Ta juyo ta dube ni.

"Kai dai, Malam, ba ka iya ganin abu ka bar shi yadda yake ba."

Sannan ta shiga ba ni umarni, numfashi na yanke mata. In wanke ganyen da ruwa zalla kowace safiya. In datse kan rassan, domin a kan sabon toho suke yin ƙwai. In na ga tsutsa in sa hannuna a aljihu. Na tambaye ta sai yaushe.

"Sati uku, in ka kama kanka."

Auta, da ke zaune a gefen gadon, ta tashi ta fita da sauri.

Na tarar da likita a bakin matakala. Tun da nake ban taɓa roƙon mutum ba. Na kama hannun rigarsa na ce sati uku nake so, ko me zai yi ya yi. Ya ce, Baba, ba a hannuna yake ba. Na ce na sani. Ban saki rigar ba.