Saiwa Tara Marasa Ido

Tsohon tela ya dawo daga asibiti da sabuwar gwiwa da tsohon halinsa. Ko takalmi bai cire ba ya dogara sanda ya nufi ɗakin ajiya na bayan gida, matarsa na biye da shi tana cewa ya zauna ya sha ruwa tukuna. Ina! Mutumin da ya yi sati uku a gadon asibiti yana tambayar kwalinsa kafin ya tambayi jikokinsa, shi ne zai tsaya shan ruwa?

Abin da ke cikin kwalin saiwar furen daliya ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya watsa irin daliya a 'yar gonarsa ta bayan gida, suka fito jajaye da farare da rawaya, irin na kowa. Guda ɗaya ce tak ta buɗe da launin da shi kansa, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin yadi, bai taɓa riƙe irinsa ba: ja ne da ya yi duhu har ya kusa komawa baƙi, da laushin ido kamar karammiski. To daliya ba ta gadar wa irinta launi. In ka shuka ƙwayar, abin da ta ga dama za ta ba ka. Saiwa kaɗai ke riƙe launi. Shi ya sa duk shekara, in sanyi ya kashe ganyen, yakan sare karan ya bar kamu ɗaya, ya tono curin saiwar da ƙasarta, ya binne cikin garin katako, ya rufe har lokacin shuka. Duk duniya, wannan curin ne kaɗai.

Ya tura ƙofa ya tarar an share ɗakin fes, an wanke kantoci, har gilashin taga na ƙyalli. Ya buɗe kwalin. Babu garin katako, babu ƙasa, babu kara. Saiwa tara ce a jere bisa farar takarda, an wanke su tas, an jera daga babba zuwa ƙarama, kowace an yanke mata wuya da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya, babu gargada.

Bai tambayi wanda ya yi ba. Mutum ɗaya ne a zuri'arsa ke yanka haka: Auta, ɗansa na ƙarshe, kuku a wani otal, wanda ba ya iya ganin abu mai kai da jela bai datse su ba.

Abin da Auta bai sani ba shi ne saiwar daliya ba dankali ba ce. Jikinta rumbu ne kawai. Tsiron yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙuraje da masu lambu ke kira ido, kuma idanun nan suna can gindin busasshen karan, inda wuyoyin suka haɗu. Wato mummunan wurin nan mai ƙasa, shi ne furen.

Da yamma sai ga Auta, da ledar lemo a hannu, bakinsa har kunne.

"Baba, sannu da jiki. Ka ga ɗakin?"

"Na gani. Ina karan?"

"Wane kara? Au, wannan busasshen? Ai na zubar, Baba. Motar shara ta kwashe tun wancan satin. Duk datti ne, har da kiyashi. Masu kyan na ware maka."

Tela ya ji wani abu ya taso masa tun daga sabuwar gwiwar har ƙoƙon kai. Ya so ya ɗaga sandar nan. Ya so ya yi ihun da maƙwabta za su leƙo ta katanga. Shekara goma sha ɗaya yana tsince dodon koɗi da hannunsa, yana kafa mata sanda, yana ɗaure ta da ƙyallen da ya fi laushi a shagonsa, a ce ƙato mai 'ya'ya biyu ya zo da wuƙar yanka albasa ya gama da ita cikin minti biyar, har yana jiran a sa masa albarka! Amma ihu zai ƙare a yini ɗaya, shi kuwa wannan fushin ya fi ƙarfin yini ɗaya. Sai ya haɗiye, ya gyara tsayuwa.

"Madalla," ya ce. "Tunda ka iya, kai za ka shuka su. Ni gwiwa ba ta barin in durƙusa. Kullum da safe ka zo ka duba su."

Auta ya lura muryar ba daidai take ba, ya ɗauka ko don ya taɓa kaya ba izini ne. Ya ce to.

Haka aka fara. Gidan Auta na can ƙarshen gari, sai ya hau bas biyu kafin ya iso. Kullum da sassafe zai turo ƙofa da farar rigar aikinsa a ninke cikin jaka, ya tarar da tsohon zaune kan kujera a bakin gonar, sanda bisa cinya. Ramuka tara, kowanne da ɗan tsinke a kansa.

"Yayyafi na ce, ba wanka ba. So kake su ruɓe?"

"A'a, Baba."

"Sassauta ƙasar nan da yatsa. Da yatsa na ce! Kai komai sai da ƙarfe?"

Auta ya durƙusa ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya kanga fuska dab da ƙasa yana neman ɗan kore. Wata rana ciyawa ta leƙo a rami na huɗu, ya yi tsalle yana kiran uwarsa ta zo ta gani. Tela ya sa bakin sanda ya tuge ta. Kuma gaskiya, ya ji daɗi. Mugun daɗi ne, ya san da haka, amma daɗi ne.

Sati na uku matarsa ta kawo masa shayi, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, abin nan zai fito kuwa?"

"Ki tambayi mai wuƙa."

"Yaron nan sau biyu ke nan ana yi masa faɗa a wurin aiki kan makara. Dubi yadda ya rame."

"Ni ma na rame," in ji tela, ya kurɓi shayinsa.

Ya yi zaton kowace safiya za ta rage masa wani abu. Ba ta rage ba. Da ya dubi ƙasar nan baƙa wuluk, ya tuna warhaka bara tsiro ya kai gwiwa, sai abin ya dawo sabo fil, ya ƙara wa Auta wani aikin.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya, tsohon ya shiga ciki shan magani, Auta ya tone rami na farko. Saiwar na nan ƙalau, har ta saki 'yan jijiyoyi farare, amma samanta sumul. Ya naɗe ta a hankici ya kai wa mai sayar da dashen furanni da ke kusa da tashar bas. Mutumin ya juya ta sau ɗaya ya miƙo masa.

Da la'asar Auta ya dawo. Ya gaida uwarsa, ya wuce gona, ya ajiye saiwar kan cinyar ubansa.

"Baba, mai furanni ya ce wannan ko shekara za ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba. Ya ce duk wanda ya taɓa noman daliya, kallo ɗaya zai yi mata ya gane."

Tela ya ɗauki saiwar yana jujjuya ta a hannu.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun da na buɗe kwalin! Ka kashe min ita, ka wanke gawar ka jera min a takarda, sannan ka zo min da lemo! Wa ya aike ka? Na ce maka ɗakina na neman shara?"

"Ba wanda ya aike ni. So na yi ka dawo ka ga abin da zai faranta maka rai." Auta bai ɗaga murya ba. "Shekara goma sha ɗaya, Baba, ban da 'kar ka taɓa' ba abin da ka taɓa gaya min kan furen nan. Na ɓata maka, na yarda, ka yafe min. Amma ni ban sani ba na yi. Kai kuwa kwana arba'in kana zaune kana kallona."

Ya ɗauki jakarsa, ya yi wa uwarsa sallama, ya ja ƙofar a hankali. Da ma bugo ta ya yi, da tela ya samu abin kamawa.

Washegari tun kafin rana ta hau katanga tsohon ya fito da kujerarsa. Bas ɗin farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ya yi ta sababi shi kaɗai: 'ya'yan yanzu ba su da ta ido, mutum ya yi maka ɓarna kuma shi ne da fushi. Ƙofa dai ba ta motsa ba.

Can ya miƙe, ya ɗauki butar ban ruwa da kansa. Ya dafa sanda ya sauke sabuwar gwiwar nan ƙasa, yana cije leɓe, ya fara yayyafa wa ramuka takwas ɗin da suka rage, yana yi yana waiwayen ƙofa.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Malam, ba kai ka ce ba za su fito ba?"

"Wa ya tambaye ki?" ya ce, ya matsa rami na gaba.