Shagon Delu Mai Faifai

Aikina rufe shagunan mutane. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, don in na ce a Kasuwar Hannu nake aiki sai a ɗauka saƙa nake yi ko ɗinki. Kasuwar Hannu kasuwa ce ta intanet, inda dukawa da maƙera da masu faifai na Damagaram suke saka hoton kayansu, mutanen Yamai da na ƙasashen Turawa su gani su saya. Babbar ƙa'idarta guda ce: abin da ba hannunka ya yi ba, kada ka sayar. Ni Hajara, ni ce aka ɗora a kan wannan ƙa'ida. Ina zaune a biro, wato ofis, gaban na'ura, ƙorafi ya shigo, in duba hotuna, in danna, shago ya tafi.

Farkon zuwana har kuka na taɓa yi a kan wani baduku. Yanzu ko gezau. Akwai mai sayo takalman kamfani daga Kano ya shafa musu mai ya ce aikinsa ne, akwai mai ɗaukar hoton jakar maƙwabcinsa, akwai mai hular ɗinkin keke da zai rantse maka da allura ya yi ta. Su kira ni a salula su zazzage ni tas, in ajiye ta a kan tebur har su gaji. Wani ya ce Allah ya isa, na ce masa to. Ba mugunta ba ce, na daina ji ne kawai, ban ma san yaushe ba.

Rannan wata mata daga Yamai ta rubuto cewa faifan da aka aiko mata daga shagon Delu ba saƙar Delu ba ce. Ta daɗe tana saye, ta san hannun. Na buɗe hotunan, kuma gaskiyarta. Tsofaffin faifan a matse suke, bakinsu sumul, sababbin kuwa sako-sako, kowane da irin hannunsa. Har na kai yatsa zan danna, shef ɗinmu Mustafa, shugaban ofis, ya ce in dakata. Wai Delu tana cikin waɗanda aka fara kasuwar da su, in je in gan ta da ido, wataƙila ba ta da lafiya. Na ce da wannan rana? Ya ce da ita. Na ja tsaki na ɗauki jakata.

Kabu-kabu ya ajiye ni a bakin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya ce babur ɗinsa ba zai shiga yashin lungun nan ba. Na taka da ƙafa, takalmina cike da ƙasa, ina zagin Mustafa a raina. Na tambayi wata mai tuyar ƙosai gidan Delu mai faifai. Ta dube ni ta ce, marigayiya? Ta nuna mini ƙofa ta ce ai tun kafin damina ta bara aka yi, mijinta ne kaɗai a ciki.

Na yi sallama, wani dattijo ya fito, dogo, rigarsa fes. Malam Rabi'u ne, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko. Na faɗa masa daga inda nake, na ce Inna Delu nake nema. Ya ce ba ta nan, amma in shigo. Shi ya shimfiɗa mini tabarma, shi ya kawo ruwa da kansa. A gindin bango ga damin kaba ya bushe ƙayau, ga faifai an jera a kan gado na waje.

Ban yi wani kewaye ba, na ce Baba, faifan nan wa ya saƙa su. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce nata da ta bari sun ƙare, shi ne yake zuwa Droum, garinsu, ya sayo a hannun 'yan'uwanta mata. Dama can ita ba ta karatu, shi yake riƙe salular, ta faɗa ya rubuta. To sai ya ci gaba da rubutawa. Ya miƙo mini salular in gani. Wata tana tambayar Inna Delu yaya ciwon gwiwa. Wani Bature ya turo hoton faifai a bangon ɗakinsa yana yi mata sannu da aiki. A ƙarƙashin kowane saƙo ga amsa da salon maganarta, har da tsokana.

"Duk Birni gafara suke roƙa mata," in ji shi. "Nan ne kaɗai ake tambayar yadda ta kwana."

Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Yunwa ma nake ji. Na fito da tawa salular na buɗe shafin aiki, na yi masa bayani yadda nake yi wa kowa. Shago dole a rufe shi yau. In an rufe, hoton mai shi yana nan, ƙarƙashinsa kuma ana rubuta dalili, kowa ya gani. Dalilan da suka shafe shi biyu ne: ko a sa an rufe saboda karya ƙa'ida, da jan rubutu, ko a sa mai shago ta rasu.

Ya ce a rufe kawai, kada a rubuta komai. Na ce na'urar ba ta karɓa. Ya ce to a rubuta ta yi tafiya. Na ce babu wannan a ciki. Ya ce a mayar da shagon sunansa, na tambaye shi ko yana saƙa, ya dubi hannuwansa. Sai ya roƙi in ba shi lokaci, ko zuwa bayan Salla. Nan raina ya ɗan ɓaci, na ce Baba, mutane sun biya don hannun Delu an ba su na wasu, ni kuma in na fita daga gidan nan ban zaɓa ba, jan rubutun ne zai hau da kansa.

"Delu ba ta taɓa cutar kowa ba, 'yata. Ni na yi. A sa ni."

"Babu wurin miji, Baba. Sunanta ne a kai."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na zauna ina kallon wata kaza tana tonon ƙasa, ina tunanin ko zan samu kabu-kabu in na fita. Ya daɗe. Da ya dawo ya wanke fuska, ya sa hula. Ya zauna ɗan nesa da ni, ya ce in nuna masa jan rubutun yadda yake fitowa. Na nuna masa na wani maƙeri da na rufe da safe. Ya kalla, ya kalla, ya mayar mini.

"Rubuta ta rasu," ya ce. Sai ya sake faɗa. "Delu ta rasu."

Na danna. Abin bai ɗauki komai ba, kamar kullum. Na ce masa 'yan'uwanta na Droum za su iya buɗe nasu shago da sunansu, ya gyaɗa kai, ban jin ya ji ni. Na shanye sauran ruwan, na fara neman takalmina.

Ina ɗaura na biyu salularsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya nisanta ta da ido yadda tsofaffi suke yi, ya karanta a fili. Matar nan ce ta Yamai, mai ƙorafin. Ta ce ba ta sani ba, a yafe mata, Allah ya jiƙan Inna Delu. Kafin ya ajiye wani saƙon ya shigo, sai wani kuma. Ya ɗora yatsa zai amsa, ya tsaya, ya ɗago ya dube ni.

"Da sunan wa zan amsa?"

Na ce da naka, Baba. Ya sunkuya yana neman haruffan, ni kuma na tsaya da takalmi a ƙafa, na kasa fita.