Taubasan da Ɗalhatu Ya Haɗa

Ranar da Sherzad ya jefi Mumin da guduma, mudir, wato manajan wajen, bai kira ko ɗayansu ofis ba. Ɗalhatu mai gadin ƙofa ya kira, ya nuna shi da yatsa ya ce, "An ɗauke ka ne don kada a yi faɗa a nan. Aka sake yi, khalas, ka haɗa kayanka." Kowa a wajen gyaran jiragen ruwan nan na Wakra, can ƙasar Larabawa, ya san inda maganar ta dosa: kafil, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zaman mutum, ya soke takarda, mutum ya hau jirgin sama zuwa gida. Shi kuwa Ɗalhatu ginin da ya fara a Zariya ko linta bai kai ba, ga matarsa Habiba da tsohon ciki. Tsoro ya kama shi.

Sherzad ɗan ƙabilar Kurdawa ne, mai walda, ƙato, ba ya dariya, ba ya son a yi kusa da shi. Mumin mutumin Asam ne ta can Indiya, mai fenti, ɗan firit, amma bakinsa kamar reza. Tartsatsin wannan ya ɓata wa wancan fenti, warin fentin wancan ya hana wannan numfashi, kullum cikin haka suke.

Wata rana da hantsi ana sauke kaya daga mota, Ɗalhatu na tsaye a tsakaninsu kamar yadda ya saba yanzu. Mumin na ƙirga gwangwanayensa da ƙarfi: "Ek, dui, tini, sari, pas." Sherzad na ƙirga ƙarafansa: "Yek, du, se, char, penj." Ɗalhatu ya kasa kunne. Da suka kai goma, ɗaya ya ce "doh", ɗaya ya ce "deh". Ya tambaye su yadda ake cewa suna, wannan ya ce "nam", wancan ya ce "nav". A wasu kalmomin kam sun yi hannun riga, ko kama babu, amma Ɗalhatu ya riga ya ji abin da yake son ji.

"Allahu Akbar! Ashe kakanku ɗaya!" in ji shi.

Nan fa dabara ta faɗo masa, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya yi ta. Ya ja Mumin gefe, ya yi masa bayani da Larabcinsa na tsince-tsince. "A ƙasarmu in mutane suka haɗa tsatso sai su zama abokan wasa. Ni Bazazzagi ne, in na ga Bakano sai in ce masa bawana, shi ma ya zage ni tas, mu tuntsire da dariya. Ba a fushi, ba a kai hannu. Kai da Sherzad taubasai ne. Ka tsokane shi, ya rama, shi ke nan gaba ta mutu." Mumin da ma abin nema ya samu, ya washe baki. Shi ko gogan naka Ɗalhatu bai ga dalilin yi wa Sherzad bayanin komai ba. A ganinsa ai kowa a duniya ya san wasa.

Bayan azahar ma'aikata suka zauna cin abinci a inuwar wani jirgi da aka ɗora kan katako. Mumin ya ɗaga murya. "Ya Sherzad! Yarenka bawan yarena ne. Namu ana karatu da shi, naku kuwa na kiran awaki ne a kan dutse." Ɗalhatu ya riga kowa fashewa da dariya don a gane wasa ne.

Sherzad ya ajiye burodinsa a hankali. Sai ji aka yi ƙau! Filas ɗin shayi na ƙarfe ya sauka a fuskar Mumin, hancin ya fashe, jini ya yi tsartuwa cikin shinkafar mutane. Mumin ya faɗi, ya lalubo wuƙar kankare fenti, ya taso da ita ya tsarge hannun Sherzad daga gwiwa har wuyan hannu. Ƙaton ko kallon raunin bai yi ba. Ya shaƙo wuyan Mumin, ya ɗaga shi sama, ya buga ƙeyarsa da jikin jirgin, ya sake bugawa, ya sake. Ƙafafun Mumin na shure-shure a iska, idanunsa sun firfito. Ma'aikata suka watse suna ihu, kowa da yarensa.

"Wasa ne! Sadik, abokina, wallahi wasa ne!" Ɗalhatu ya yi tsalle ya rungume Sherzad ta baya. Sherzad ya saki Mumin ya zube kamar buhu, ya sunkuya ya sungumi wani guntun ƙarfe, ya juyo da shi ba tare da ya duba ko wane ne ba. Ƙarfen ya sami Ɗalhatu a baki. Ya ji haƙoransa na gaba sun ɓare, ƙasa ta juya masa, ya durƙusa yana tofar da su a kan yashi.

Sherzad ya tsaya a kansa yana huci, jini na ɗiga daga hannunsa. Ya jefar da ƙarfen, ya miƙo masa yatsansa na tsakiya har kusa da ido. Yatsan a karkace yake, Ɗalhatu bai taɓa lura ba.

"Ina yaro malaminmu ya karya shi," in ji Sherzad. "Ruwa na roƙa da yaren uwata. Ya ce yaren awaki ne. Kai kuma kana dariya."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Ɗalhatu, har suka fi masa zafin bakin. Ya so ya yi bayanin Kanawa da Zazzagawa, amma wa zai saurara?

Motar asibiti ta kwashi Mumin ko motsi ba ya yi. 'Yan sanda suka tafi da Sherzad da ankwa. Mudir ya fito daga sanyin ofishinsa, ya dubi jinin da ke jikin jirgin, sannan ya miƙo wa Ɗalhatu tafin hannu. Ɗalhatu ya ciro makullin ƙofa da rediyon aiki ya ɗora masa.

Yana zaune a bakin titi da tsumma a baki yana jiran a kai shi ɗinki, wayarsa ta yi ƙara. Habiba ce. Ta ce magini ya zo yana tambayar yaushe za a ci gaba, ta ce yaron cikinta ya hana ta sakat da harbi, sannan ta ce, "Baban Hussaina, ya na ji muryarka haka? Lafiya?"

Ya tofar da jini, ya ce, "Lafiya lau. Ina nan tafe gida."

Habiba ta rangaɗa guɗa a cikin wayar, ta shiga ƙwala wa maƙwabta kira tana faɗa musu an ba maigidanta hutu.