Gashin da Ke Jirana

Rana ta shigo ta taga ta kwanta a cinyar Doña Encarna, ni kuwa ina tsaye a bayanta ina murza man zaitun a tafin hannuna. Duk Juma'a haka nake mata, yadda muke yi a garinmu Tanja in an fito daga gidan wanka: a ɗumama mai, a bi fatar kai da yatsu, sannan a taje a hankali.

"Zhor, kin san sunan abin nan da kike min?" ta ce, idonta a lumshe.

"Aiki ne sunansa, Doña. Ɗanki ke biya."

"Ji bakinta! Mimar ake cewa. Faɗi in ji."

"Mimar."

"Yauwa. Ki tarairayi mutum, ki shagwaɓa shi har ya manta inda ke masa ciwo. Shi ɗan nawa Anselmo da ya aiko furanni daga Madrid, a ganinsa ya gama."

"To ai furanni ba su da yatsu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tsohuwar nan uku ta haifa, amma ni kaɗai na san kafaɗar da ba ta iya kwanciya a kai. Abin yana min ciwo, wallahi.

Daga tagar nan, a nan garin Tarifa, in gari ya washe, ana hango duwatsun ƙasarmu a hayin teku, shuɗi-shuɗi, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Can 'yata Ikram take, wajen mahaifiyata. Na baro ta ko famfara ba ta yi ba. Takardun zama sun ƙi fitowa. In na tsallaka ba dawowa, su biyun kuma daga hannuna suke ci.

Ran da zan taho na riƙe fuskar Ikram na ce, "Kar ki bari almakashi ya taɓa gashin nan. Ni zan dawo in taje shi." Tun daga nan, duk kiran bidiyo sai ta juya min baya in ga inda ya kai. Ya wuce kafaɗa, ya sauko gadon baya. Muddin yana tsawo, na san ba ta fid da rai da ni ba. Wani lokacin ina taje wa Doña sai furfurar ta koma baƙa a idona, tekun ya tsuke ya zama ɗan rafi, in gan ni na tattare zani na haye, Ikram na zaune a bakin ƙofa da mataji a hannu.

*

Da la'asar na kira gida. Mun saba duk Juma'a in koya wa Ikram kalma ɗaya ta Sifaniyanci, don ranar da zan kawo ta.

"Ta yau mimar ce."

"Me take nufi, Mama?"

"Tarairaya. Kamar in zaunar da ke a gabana, in shafa miki mai, in taje miki kai."

Ta kai hannu kanta. Sai a lokacin na lura da ɗankwali a kanta, a cikin ɗaki, da zafin nan.

"Juya in gani mana."

"Mama, don Allah kar ki yi faɗa."

Ta zame ɗankwalin. Wayyo ni! Kai kamar na ɗa namiji, kunnuwa duk a waje.

"Kwarkwata ce. Malama ta ce kar in koma makaranta da ita. Hannun Kaka kuma rawa yake, ko mataji ba ya riƙewa. Na gwada da kaina, wallahi na gwada."

Faɗa? Wa zan yi wa?

"Amma ba mu zubar ba," ta ce da sauri. Ta jawo wani ƙyalle ta warware a gaban wayar. Doguwar tufka ce baƙa wuluk, ɗaure da jan zare. "Kaka ta wanke shi tas, mun ajiye miki. In kin zo sai ki yi masa... yaya ma kika ce? Mimar."

Daga falo na ji muryar Doña Encarna. "Zhor! 'Yata! Zo ki ƙara min kaɗan, yau ya yi daɗi."

Na kife wayar na ɗauki mataji. Furfura ce cunkushe a haƙoransa. Na tsaya ina zare ta sili-sili, sannan na ce mata ina zuwa.