Gorar da Ba Ta da Takarda

Shekara biyu ke nan da na gama sakandare a Malumfashi, ina zaune a gida a Dayi ina jiran gurbin karatu. Ban ajiye biro ba. Ina da littafin da nake tara dogayen kalmomin Turanci, ina jera masu ƙarshe iri ɗaya a shafi guda, kowace da ma'anarta a gefe. Matan unguwa suna kirana Baturiya. Ina amsawa, ban taɓa sunkuyar da kai ba.

Akwai shafin masu ƙarewa da cide, dukkansu kisa suke nufi. Insecticide na ƙwari, herbicide na ciyawa, rodenticide na ɓeraye. Abin da ake kashewa ne ya bambanta.

Bana waken Baba ya yi fure sosai, sai ƙwari suka far masa. Gonar nan kaɗai muka dogara da ita. Yayana Kamalu ya je kasuwa ya sayo maganin feshi. A nan ba a sayen jarka guda. Mai magani ya tsiyaya maka a gorar ruwa, babu takarda, kai kuma ka gane shi da launi da wari.

A bakin gona Baba ya sunsuna gorar. "Shi ne. Irin na bara."

Yaya ya nuna masa hoton jarkar mai maganin da ya ɗauka a waya. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga an rubuta herbicide.

"Baba, wannan na ciyawa ne. In aka fesa, waken zai ƙone."

"Baturiya ta fara," in ji Yaya. "Ke kin taɓa goya injin feshi?"

"Ban taɓa ba. Kai ka taɓa karanta jarka?"

Ni ce mai ɗebo ruwan haɗi. Na ajiye bokiti, na zauna a kan injin.

"Fiddausi, tashi," Baba ya ce a hankali.

"Ka gafarce ni, Baba. A fesa wa ciyawar gefen nan tukuna. In ba ta mutu ba, ni zan goya injin in fesa gonar duka."

Baba ya ce wa Yaya ya fesa wa ciyawar.

Kwana biyu Yaya bai yi mini magana ba. Ƙwari suna ci, fure yana zuba, ciyawa tana nan shar. Maƙwabta suka ce boko ya hana Malam Rabe feshi. Na ji, na wuce. Kullum da safe in je in duba, in dawo in ci abincina a gaban kowa.

Ran na uku ciyawar ta yi ja, ta kwanta. Baba ya taɓa ta da ƙafa, ya dubi furen da ya zube a kunyoyi. Mun yi asarar wani, sauran yana nan.

"Sa hijabinki," ya ce. "Ki bi yayanki kasuwa, ku sayo na ƙwari."

Yaya ya tada babur, bai waiwayo ba.

"Ki taho da littafin naki," in ji Yaya.