Barcin Malam Zayyanu

"Malam is running!" 'yan aji suka faɗa a tare, Malam Zayyanu kuwa yana ta sassarfa a gaban allo, rigarsa na kaɗawa.

Haka yake koya musu Turancin abin da ake cikin yi yanzu. Shi zai kwaikwayi aikin, su kuma su faɗa. Ya ci tuwon ƙarya, ya yi noman ƙarya, har barcin ƙarya yakan yi, da minsharinsa. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya yi Hausa a ajinsa zai durƙusa a rana.

Rahinatu ce kaɗai ba ta dariya. Katanga ce ta raba gidansu da nasa a Bodinga, da safen nan kuma ta ji matarsa Safinatu tana cewa, "Malam, kwana ukku ke nan ba ka sha maganin hawan jinin ga ba." Ya ce sai ya dawo.

Can sai ya tsaya, ya dafa allo. Ya sulale a hankali ya kwanta a gefen tebur.

"Malam is sleeping!" Aji ya kaure da shewa.

Ga minsharin kuwa, amma ba irin na kullum ba. Bakinsa ya karkace. Hularsa ta gangara ƙarƙashin benci, bai ko kai hannu ba, mutumin da ba ya yarda hular nan ta taɓa ƙasa. Rahinatu ta ƙura masa ido. Ta lalubi Turancin da za ta faɗa, ko kalma ɗaya babu. In kuma wasan ne fa? Ta ci gaba da zama, aji ya sake maimaitawa har sau biyu.

Sannan ta miƙe. "Ba wasa shikai ba! Wallahi ba wasa na ba! Ku kiro malamai!"

"Kin yi Hausa," ta kusa da ita ta raɗa mata.

Motar shugaban makaranta ba ta kai Sakkwato da shi da rai ba.

Bayan sadakar uku Rahinatu ta shiga gidan. Safinatu ta kama hannunta. "Ɗiyata, gaya min gaskiya. Ya daɗe kwance kahin ku lura?"

Rahinatu ta sa hannu cikin hijabinta. Ta ciro hular Malam da ta ɗauko a ƙarƙashin benci, ta karkaɗe ƙurar allin da ke jiki, ta ajiye a kan tabarma.