Kofunan Yumɓun Gonar Baba

Gonar ubansu ce, kuma Gwaggo ce ta shawo kan 'yan uwa aka ba unguwa ita kyauta, don a mai da ita gidan koyon zane, kiɗa da ginin tukwane. Kowa ya yi na'am sai babban wansu. Yaya ya sa hannu dai, ya yi jifa da biron, daga ranar ko gaisuwarta ba ya amsawa. Abin nan na cin Gwaggo a rai, don kaf duniya ba ta da kamarsa.

Ashe ba da gonar shi ne mai sauƙin! Aka shiga neman gudummawa shago shago, direbobi suka kawo yashi, kafinta ya ce ladansa na wurin Allah. Bango ya tashi a inda garken shanu yake a da, amma rufi ya gagara, ga damina ta kunno kai.

Wata maginiya da ake kira Mai Tukwane ce ta zo da dabara. Can ƙasan gonar akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, wanda Yaya ya yi shekaru yana tsine wa, don ko goyon masara bai taɓa ba shi ba.

"Gwaggo, wannan ai yumɓu ne na gani na faɗa," in ji ta. "Haɗa ni da mata mu gina kofuna mu sayar."

Haka aka yi. Gwaggo ma ta zage ta gina nata, karkatattu abin dariya, hannu nan baki can. Ranar sayarwa masu kyau suka ƙare kafin azahar, nata kuwa ko ƙuda bai kula su ba. Tana shirin kwashe kunyarta sai ga wani direba ya tattara su kaf, ya biya farashin da ya sa kafinta salati, ya ƙi faɗin wanda ya aiko shi. Da wannan aka cike kuɗin kwanon rufi.

Ana gobe buɗewa Gwaggo ta tsaya a tsakiyar zauren, tana jin yara na gwada ganguna, kanta ya yi girma sosai. Ta yi ta maza ta nufi gidan Yaya don ta gayyace shi.

Ta same shi a tsakar gida yana shan shayi a wani kofi mai karkataccen hannu. Sauran na jere a kan taga.

"Yaya, ashe kai ne?"

"Ni ne me? Yumɓun gonar Baba ne, haka kawai in bari a yi masa dariya a bainar jama'a?" Ya juya kofin, ya taɓe baki. "Kuma wanda ya gina wannan bai iya ba. Yoyo yake."

"Ni na gina," ta ce, hawaye na zubo mata.

"Na sani. Wa zai yi wa kofi hannu haka in ba ke ba?" Ya kurɓi shayinsa yana ɗiga masa a riga. "Gobe a ajiye min kujera a gaba, kusa da taki. Ni ne babba."